Wuyan Yaya da Murjanin Hajiya

Mu huɗu ne mata a ɗakin mahaifiyarmu, kuma dukanmu a Aboabo ta Kumasi aka yanke mana cibiya. Kowace da abin da aka san ta da shi a zango: wata baki, wata hannun girki, wata karatu. Yaya, babbarmu, da wuya aka san ta. Dogo ne, sumul, da layi uku da suka zagaye shi kamar an ɗaura masa zare. Muna yara idan muka bi ta Kejetia sayayya, sai mu ji matan Asante masu sayar da atamfa suna kiranta don kawai su ƙare mata kallo. A wurinsu wuya mai layi-layi alamar kyau ce da ƙoshin lafiya, shi ya sa ma 'yar tsanarsu ta itace da suke kira akuaba ake sassaƙa ta da zobba a wuya. A gida kuma tsofaffinmu, jikokin fataken goro, suna cewa ta ɗauko wuyan barewa. Al'adu biyu suka haɗu a kan yabon abu guda, mu kuwa ƙanne muka tashi muna hassadarsa a ɓoye.

Shekarar da Yaya ta cika hamsin da biyu ta aurar da 'yarta ta fari. An yi anko, an ɗaura gwaggwaro, ta saka sarƙar zinarin da ta daɗe tana adanawa. Washegari hotuna suka fara yawo a zauren WhatsApp na dangi. A cikinsu akwai ɗaya da aka ɗauka daga gefe, tana dariya, ta juya tana gaida wata baƙuwa. Fuskar tana nan yadda muka san ta. Amma daga haɓa zuwa saman ƙirji fata ta saki, jijiyoyi biyu sun miƙe tsaye kamar igiyar shanya, sarƙar kuma ta kwanta a cikin wani ninki da ba mu taɓa lura da shi ba.

Kwana uku ba ta ce uffan ba a zauren. A na huɗu ta same mu a tsakar gida muna wanke tukwanen biki, ta miƙo wayar.

"Ku gaya mini tsakaninku da Allah, haka na koma?"

Muka haɗa baki muka ce sharrin mai hoto ne, haske ne bai faɗa daidai ba. Mun ɗauka mun yi mata alheri. Yau idan muka tuna, mun san wannan ƙaryar ce ta tura ta inda ta je, domin wadda 'yan'uwanta suka ƙi gaya mata gaskiya za ta nemi mai gaya mata wani abu a waje, kuma a waje masu magana suna da abin sayarwa.

Akwai abin da ba mu sani ba a lokacin. Raɗe-raɗi ya fara yawo cewa maigidanta yana neman ƙarin aure. Ga shi kafin bikin ta sha wani shayin rage ƙiba na wata biyu don ankon ya zauna mata, ta zube da sauri. Ga al'ada ta ɗauke mata shekara uku da suka wuce. Ga shekara ashirin da biyar tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi, daga hantsi har azahar, ɗankwali kawai a kanta saboda zafin murhu. Duk waɗannan sun taru a wuya guda, amma ita abu ɗaya ta gani: kyan da aka san ta da shi yana barinta a daidai lokacin da take ganin ta fi bukatarsa.

Wata mai haɗa mayuka ta sayar mata da kwalba marar suna, marar takarda, a kan kuɗin da ya kai ribar cinikinta ta mako biyu. Ta ce mata yana ɗaure fata, yana goge tsufa. Makonnin farko Yaya ta yi ta murna, wuyan ya yi haske, ya yi santsi, ƙawaye suna tambayar sirrin. Ta koma ta ƙaro. Bayan wata biyar sai muka lura ta daina cire hijabi ko a cikin ɗaki, ko da zafi ya kai inda ya kai. Mun zaci tsoron Allah ne ya ƙaru, har muna tsokanarta da Malama.

Hajiya ce ta gano. Mahaifiyarmu ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Yaya 'yar fari ce, don haka tun da muka yi wayo ba mu taɓa jin Hajiya ta ambaci sunanta ba, ba mu taɓa ganin ta dube ta ido cikin ido ba. Ranar wata Juma'a da la'asar, muna zaune ana tsinke zogale, sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Ke, cire mayafin nan."

Yaya ta yi jim, sannan ta cire. Babu wadda ta iya magana a cikinmu. Fatar ta yi siriri kamar ɓawon albasa, ana hango ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashinta. Nankarwa ja ta tsattsaga gefen wuyan kamar cikin mai jego. A bayan kunne da ƙeya kuma wasu baƙaƙen tabo sun fito, sun fi asalin launinta duhu. Sakin da ta je gyarawa ya ninka. Garin neman gira an rasa ido.

Muka kai ta wurin likitar fata a asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Abin da muka koya a wannan rana da ziyarce-ziyarcen da suka biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu, domin mun tabbata a kowane zango, daga Nima da Sabon Zango na Ankara zuwa Tamale, akwai wata Yaya da ke tsaye gaban madubi da kwalba a hannu.

Fatar mutum tana tsaye ne a kan wasu zaruruwa biyu da jiki ke saƙawa a ƙarƙashinta. Ɗaya ana kiransa kolajin, shi ne ke ba ta ƙarfi da kauri, kamar zaren tsaye a masaƙa. Ɗayan ilastin, shi ke sa idan an ja ta ta koma mazauninta. Tun daga shekarun ashirin jiki yake fara rage saƙar kolajin, kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Ga mace kuma akwai gangara ta musamman: a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin ɗin fatarta, saboda sinadarin mata da ke taimaka wa saƙar ya ja baya. Wannan ne ya sa mata da yawa suke cewa tsufa ya auko musu dare ɗaya.

Wuya kuwa shi ke fara tona asiri, domin fatarsa ta fi ta fuska siriri, maiƙon da take fitarwa bai kai na fuska ba, kuma ba ta da ƙashi a bayanta da zai tallafe ta kamar kumatu da goshi. A ƙarƙashinta akwai wata tsoka mai faɗi, siririya kamar mayafi, da ta taso daga saman ƙirji ta haɗe da muƙamuƙi. Likitoci suna kiranta filatisma. Idan shekaru suka ja, gefunanta na gaba sukan rabu su miƙe, su ne igiyoyin nan biyu da muka gani a hoton biki. Turawa suna kwatanta abin da wuyan talotalo, kwatancin da ba shi da ladabi amma duk wanda ya ji ya gane.

Gado yana da nasa rabo, kuma babu mai canza shi. Amma akwai abubuwan da ke hanzarta sakin, waɗanda suke hannunmu. Na farko rana. Haskenta yana ratsa fata ya tsinka zaruruwan nan a hankali. Baƙar fata tana da kariyar da farar ba ta da ita, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana, amma kariyar ba cikakkiya ba ce ga wadda ke wuni a bakin titi, ko 'yan matan kayayo da ke dakon kaya a ka daga safe har yamma a Kejetia da Makola. Na biyu hayaƙin taba, har da shisha da ta shigo wa matasanmu, domin yana tsuke jijiyoyin da ke kai wa fata jini. Na uku hawa da saukar ƙiba da gaggawa: fatar yarinya idan ta buɗe tana komawa, ta mai shekara hamsin kuwa sai ta tsaya kamar buhun da aka zazzage. Na huɗu shi ne wanda ya kama Yaya.

Yawancin mayukan bilicin da ake haɗawa a kwalba suna ɗauke da ɗaya ko fiye daga abubuwa uku. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi, irin wanda ake kira kulobetasol, waɗanda aka yi domin cututtukan fata na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawar likita. Idan aka daɗe ana shafa su sukan hana fata saƙa kolajin, ta yi siriri, ta tsage, kuma idan sun ratsa jiki da yawa suna iya tayar da hawan jini da suga. Akwai haidurokwinon, wanda ke haskaka fata da farko, daga baya ya bar baƙin tabo mai wuyar gogewa a wuraren da rana ke duka. Akwai kuma sinadarin makuri, mai lalata ƙoda. Ba don wasa ba ƙasar Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta hana shigo da masu haidurokwinon a 2016, Kamaru ma ta bi sahu a 2022. Amma doka tana kan takarda, kwalba tana cikin jakar mai talla. Abin takaicin shi ne man da aka sayar wa Yaya da sunan ɗaure fata, aikinsa na zahiri shi ne cinye abin da ke ɗaure ta.

Likitar ba ta ce a yar da kwalbar a daina rana ɗaya ba. Ta bayyana mana cewa fatar da ta saba da sitiroyid idan aka yanke mata shi kwatsam sai ta yi bore, ta yi ja, ta yi ƙuraje da ƙaiƙayi, har mai ita ta koma wa man da gudu. Sai da aka bi da Yaya mataki-mataki da magani mai sauƙi, aka auna jininta da sugarta. Duk wadda ta san ta daɗe tana shafa irin wannan haɗi, hanyar fita ta asibiti ce.

Muka tambaya, to me ke aiki? Amsar ba ta da armashi, domin babu abin mamaki a cikinta. Inuwa ita ce gaba da komai. Mayafin da iyayenmu ke yafawa ya rufe wuya ya yi musu aikin da ba su sani ba, kuma da muka duba sai muka ga wuyan Hajiya, duk da shekarunta, ya fi bayan hannunta laushi nesa ba kusa ba. Wadda sana'arta ta rana ce ta nemi rumfa ko laima, ta yafa gyale mara nauyi, idan da hali ta shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, ta kai shi har wuya da saman ƙirji, kada ta tsaya a haɓa kamar yadda yawancinmu muke yi da kowane mai.

Sai maiƙo. Man kaɗanya da ake kawo mana daga Tamale da Wa ba ya ɗaga fatar da ta riga ta saki, kuma duk wanda ya ce yana yi ya faɗi son ransa. Abin da yake yi shi ne riƙe damshi, ya hana bushewar da ke sa kowane layi ya fito fili, musamman da hunturu. A shafa shi bayan wanka tun jiki bai gama bushewa ba. A sassauta wa wuya da soso, domin dirzar da muke yi masa da soson raga kamar muna wanke tukunya ba ta ƙara masa komai sai rauni.

Sai abinci. Jiki ba ya saƙa kolajin sai da abinci mai gina jiki da bitamin C. Wake, kifi, ƙwai da gyaɗa suna ba da na farko. Lemo, gwaiba, mangwaro, tattasai da garin 'ya'yan kuka suna ba da na biyu. Duk suna cikin kasuwarmu, wasu ma a cikin tukunyar da Yaya ke sayarwa. Mai son rage ƙiba ta rage a hankali, da tafiya da gyaran ci, ta bar shayin da ke zubar da mutum cikin wata guda.

A cikin abin shafawa, wanda likitocin fata suka fi amincewa da shi shi ne dangin bitamin A da ake kira retinol, da mai ƙarfinsa tiretinoyin wanda sai da takardar likita. Yana sa fata ta ƙara saƙa kolajin, amma a hankali, sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga bambanci, kuma bambancin na ƙananan layuka ne. Fatar wuya ba ta jure shi kamar fuska, don haka kaɗan ake shafawa, da dare, ba kullum ba da farko. Mai ciki da mai neman ciki ba sa taɓa shi. Mayukan da ake rubuta kolajin a jikinsu kuwa, ƙwayar kolajin ta fi ƙarfin ta ratsa fata, a sama take zama ta yi aikin da man kaɗanya zai yi a kan kuɗi kaɗan.

Idan fata ta riga ta saki sosai, babu man da zai mayar da ita. Abin da ya rage aikin asibiti ne. Akwai allurar Botox da ke kwantar da igiyoyin nan biyu, amma wata uku zuwa huɗu take yi a sake. Akwai na'urorin da ke dumama ƙarƙashin fata don ta ɗan tsuke, masu amfani ga sakin da bai yi nisa ba. Akwai tiyata, inda ake ɗinke tsokar a yanke rarar fata, ita ce mai sakamako mafi bayyana, ita ce kuma mai tsada da haɗari. Mu baƙaƙe muna da ƙarin abin lura, domin fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu wanda ke ci gaba da girma bayan rauni ya warke. Wadda ta yi niyyar wannan hanya ta nemi ƙwararren likitan tiyata a babban asibiti irin Korle Bu ko Komfo Anokye, kada ta miƙa wuyanta ga mai allura a bayan shagon gyaran gashi.

Wani darasin da ba mu je nema ba shi ne ba kowane canji a wuya ne tsufa ba. Jiki magayi. Idan bayan wuya ya yi baƙi, ya yi kauri da laushi kamar karan-miski, sau da yawa ba datti ba ne, alama ce cewa jiki ya fara gazawa wajen sarrafa suga. Mata nawa ne a zangonmu suke dirzar wannan baƙin da soso, ko su bi shi da bilicin, alhali gwajin jini yake nema? Idan kuma gaban wuya ya kumbura, yana motsi idan an haɗiyi yawu, wannan maƙoƙo ne, wanda ƙarancin sinadarin aidin a abinci ke cikin manyan sababbansa, shi ya sa ake nanata amfani da gishiri mai aidin. Duk wani ƙulli da ya fito a wuya ya ƙi tafiya bayan 'yan makonni, likita ya kamata ya gan shi. Ta dalilin wannan bayani ne autarmu ta je gwaji, aka tarar sugarta ta fara hawa, aka tare ta da wuri.

Yaya ta yi kusan shekara kafin fatarta ta daina zafi a rana. Jan nankarwar ya dushe ya koma fari-fari, amma bai tafi ba, kuma an gaya mata ba zai tafi duka ba. Tabon bayan kunne yana nan. Maganar ƙarin auren da ta tayar mata da hankali ta zo ta wuce yadda Allah Ya tsara, kuma ko da wuyanta ya koma na shekara ashirin ba shi zai hana ko ya sa ba. Wannan ita da kanta ta faɗa mana, wata rana muna kwashe shinkafa, ba tare da ɗaci a muryarta ba.

Mu ma mun yi wa kanmu hisabi. A gidajenmu muna girmama furfura a bakinmu, muna durƙusa wa tsofaffi, amma a wurin biki wadda ta fi kama da yarinya ita muke yabo. Mu ne muke cewa wance ba ta tsufa, kamar tsufan laifi ne da ta kuɓuce masa. Mu ne muke tace hotunanmu a waya har mu manta kamanninmu, sannan ranar da wani ya ɗauke mu ba shiri mu ji kamar an yi mana ƙazafi. Yarinyar da ke zaune a gefe tana jin duk wannan, tana kuma koyon abin da za ta ji tsoro idan ta kai arba'in. Da ranar nan a tsakar gida mun ce, "E, Yaya, wuyanki ya fara nuna shekarunki, namu ma yana hanya, zo mu nemi abin da ya dace," da wataƙila kwalbar ba ta shigo gidan ba.

Da ƙaramar Sallar da ta wuce muka taru a ɗakin Hajiya kamar kullum. Bayan an ci abinci ta sa aka jawo mata tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado. Ta daɗe tana lalube, sannan ta fito da murjaninta, wanda uwarta ta ba ta, wanda muka sha gani a wuyanta a tsofaffin hotuna amma ba mu taɓa ganin ta bari wani ya taɓa ba. Ta ce da Yaya, "Ke, matso." Yaya ta matsa ta durƙusa. Hajiya ta lakato man kaɗanya daga gwangwanin da ke gefen gadonta, ta murza a tafin hannu har ya narke, ta shafa a wuyan 'yar farinta tun daga haɓa har ƙeya, a kan nankarwar da tabon duka, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. A iya saninmu wannan ne karo na farko da ta taɓa ta a gaban mutane. Sannan ta ɗaura mata murjanin.

"Uwata ba ta ba ni shi ba sai da na aurar da 'ya," in ji ta. "Yana da nauyi. Wuyan yarinya ba ya ɗaukarsa."

Yaya ta fita gaisuwar Sallah a ranar da gyale a kafaɗa, murjanin a waje. Mu uku muka bi bayanta, kowace tana shafa nata wuyan a ɓoye.

Allah Ya ba mu tsufa mai albarka, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.